Notin Ƙafar Dama

Mutum uku ne a cikin motar ranar nan: direba, da wasu mata biyu da suka roƙi ya rage musu hanya daga kasuwar Shasha. A baya akwai buhun albasa tara, a kan rufi kwandon tattasai huɗu. Akwai aikin direban, wanda da shi yake ciyar da baki bakwai a gidansa. Akwai kuma sunana, da na shekara goma sha tara ina tattalinsa a Sabo, unguwarmu ta Hausawa a ƙasar Yarbawa. Duk wannan kaya a kan noti ɗaya yake tafiya, notin da bai kai goro girma ba. Ni na sa shi da hannuna, kuma ban ɗaure shi ba.

Ina ba da labarin ne saboda ku samarin da kuke cika mini shago da safe. Kowa da wayarsa a hannu, ya miƙo mini ita har kan hanci. "Alhaji, ba ni tayirod biyu, da kaina zan sa a gida. Na kalla jiya, ten minis ne, ba wahala." Wani ma ce mini ya yi kanikawa ɓarayi ne, noti biyu za su kwance su ɗaura, su karɓi kuɗin wuni guda. Ina sayar muku, don sayarwa ce sana'ata. Amma mutumin cikin wayar nan a fili mai siminti yake aiki, ba mai kiransa, ba akuyar da ke shiga ƙarƙashin motarsa. Ku a lungun Sabo za ku yi, inda in mota ɗaya ta tsaya sai mai okada ya zage ku da yare uku. To ku saurara.

Tayirod ɗin farko da na taɓa cirewa na wata tsohuwar tasi ce, a garejin Baba Rasaki da ke bayan Mokola. Bayarabe ne, gajere, mai yawan sallah, ya iya Hausa irin ta kasuwa. Mahaifina ya kai ni wurinsa ina da shekara goma sha huɗu, na yi shekara biyu ina wanke noti a kananzir kafin ya bar ni in taɓa ƙafar mota. Ranar ya ɗaga tasin a jak, ya cusa kututture a ƙarƙashi don ba ya yarda da jak shi kaɗai, ya kama tayar da hannu biyu, dama da hagu, ya girgiza. Ta yi ƙwas-ƙwas. Ya ce, "Ka ji? Leƙa." Na leƙa. Wata sandar ƙarfe ce mai tsawon kamu guda, ta taho daga sitiyari ta kama ƙafar motar. A ƙarshenta akwai kai mai ƙwallo a ciki, da ɗan wuya mai tiredi wanda ya shiga rami a jikin ƙafar, aka ɗaure shi da noti. Ya ce, "Wannan shi ke gaya wa taya inda direba yake so. In ya saki, direba yana juya sitiyari, taya tana zuwa inda ta ga dama."

Ya koya mini aikin a jere, kuma har yau a jeren nake faɗarsa. Ka fara sassauta notin da ke kulle kan a jikin sanda tun kan yana maƙale da ƙafa, in ba haka ba za ka yi ta kokawa da ƙarfe mai lilo. Ka miƙe ƙafafun fin da filaya ka zare shi. Fin ɗin nan ɗan ƙarfe ne siriri mai ƙafa biyu, yana ratsa tsagar noti da ramin wuya, shi ke hana noti juyawa. Ka kwance noti, amma kar ka cire shi duka. Sannan guduma. A gefen ƙafar za ka buga, inda wuyan ya shiga, kar ka kuskura ka buga kan tiredi. Ni a kan tiredi na buga ranar, ya baje kamar an taka gwangwani, Baba ya sa na wuni ina gyara shi da magagari. In kan ya fita, ka ƙirga juyi nawa ya yi kafin ya rabu da sanda, ka rubuta da alli a jikin mota, don sabon ya shiga daidai adadin nan. Baba ba ya yarda da ƙirgan zuci. Yakan ce kan mutum yoyo yake yi.

Farar motar wani mai canji ce ta koya mini cewa ƙirgan ma ba ya isa shi kaɗai. Na ƙirga juyi daidai, na rubuta, na mayar daidai. Ashe sabon kan ya fi tsohon tsawo da kamar faɗin yatsa, ban gwada su ba. Cikin sati biyu tayoyinsa sababbi suka cinye ta ciki har waya ta fito. Mutumin bai yi faɗa ba. Ya cire tayar ya kawo ya ɗora a kan teburin da Baba ke cin abinci, ya ce, "Baba, ga tsaraba." Daga ranar nake karya tsinken tsintsiya in auna tsohon kai da sabo kafin in taɓa sufana. Kayan aikin duka ba su cika leda ba: sufana biyu, filaya, guduma, alli, tsinke, da igiyar daidaita taya. Arharsu ce take ruɗin mutane.

Doka ɗaya ce a garejin nan da ake korar mutum a kanta. In za ka bar aiki, ko sallah ce, ko abinci, ko bayan gida, ba ka barin noti a ɗaure da yatsa. Ko dai ka ɗaure shi da sufana ka sa fin, ko ka cire shi gaba ɗaya ka ɗora a kan kujerar direba, yadda duk wanda ya zo tayar da motar sai ya zauna a kansa. Na ga an kori wani, saura wata uku a yi masa firidom, wato bikin yaye shi, saboda ya tafi cin amala ya bar noti haka. Ba abin da ya sami motar. Baba ya taɓa notin da yatsa ya ga ya juya, ya ce ya kwashe kayansa. Muka ce tsohon nan mugu ne.

Shekara bakwai na yi a wurinsa, na yi biyar ina zaman kaina, sannan na lura mai sayar da ƙarfe ya fi mai kwanciya a ƙarƙashinsa samu, ga shi rigarsa fara. Na fara da tebur ɗaya na kayan tokunbo, wato na hannu da ake shigowa da su daga waje, a Ojoo, na koma shago, na shiga dillancin motoci. Jarina ba yawa. Abin da nake da shi shi ne na san ƙafar mota. Sauran dillalai fenti suke nuna wa mai saye, ni sai in ce ya durƙusa mu leƙa ƙasa. 'Yan albasa da 'yan doya na kasuwar Bodija suka san ni da haka. Akwai mai sayen da zai wuni yana bugun taya da ƙafa kamar yana zaɓen kankana. Akwai wanda zai zo da surukinsa kanike don ya kushe. Akwai kuma matan gida, waɗanda ba za su ga motar ba sai an kawo ta ƙofa, maganarka kawai suke saye. Su ne suka fi kowa amfani gare ni, don in mace ɗaya a Sabo ta ce Alhaji Sule ba ya cuta, kafin sati gida ashirin sun ji.

Gwaggo Kande, ƙanwar mahaifina, tana cikin waɗannan. Daga ɗakinta take juya cinikin albasa da tattasai, tana sara a Shasha ta waya ana kawo mata, matan unguwa da masu abinci suna saye a tsakar gidanta. Da hayar mota ta ishe ta, ta ce in nemo mata tata. Na kawo mata wata mai dogon baya, na ce wata shida duk abin da ya taso a ƙafarta nawa ne. Direbanta Malam Isyaku ne, mutumin kirki mai yawan hira, wanda a ƙuruciyarsa ya yi tuƙin bas zuwa Arewa har aka sa masa suna Jirgi. Ya daɗe da daina gudu, sunan ne bai daina binsa ba.

A wata na huɗu ya same ni a shago. "Alhaji, sitiyarin nan fa yana wasa. In na shiga rami sai in ji kamar ni da ita ba mu shirya ba." Na girgiza taya na ji ƙwas-ƙwas ɗin da na sani. Abin da ya kamata shi ne in tura ta gareji in biya. Amma na yi tunanin dillali: in ta shiga gareji, kafin azahar kanikawa sun yaɗa cewa motar da Alhaji Sule ya sayar wa gwaggonsa ƙafarta ruɓaɓɓiya ce. Na ce ya kawo ta ƙofar gidana ranar Juma'a da safe.

Ya dube ni daga hula har takalmi. "Da kanka, Alhaji? Yaushe rabonka da sufana?"

Na ce, "Tun kafin ka san inda birki yake nake wannan aiki."

Rabona da sufana shekara goma sha huɗu ne.

Ƙafar hagu ta tafi yadda ake so. Na fito da tsohon akwatina, na shimfiɗa kwali, na sa dutse a bayan taya. Juyi goma sha bakwai, na rubuta da alli. Sabon kai ya shiga, noti ya ɗauru, fin ya ratsa na tanƙwara ƙafafunsa. 'Yan majalisar ƙofar gida suna kallo suna tsiya. "Alhaji, a hankali da tumbin nan, kar sai mun nemo wani jak ɗin mun ɗaga ka."

Ta dama ce ta ƙi. Tsatsa ta kama wuyan, na yi ta bugu fiye da awa ɗaya, na zuba mai, na jira, na sake bugu. Kafin ta saki rana ta take. Layinmu yana bayan masallacin Juma'a ne, kuma duk wanda ya san Sabo ya san in masallaci ya cika, sahu har cikin lunguna yake zuwa. Na sa sabon kai, juyi goma sha bakwai, na zura wuyan a raminsa, sai ga masu shimfiɗa tabarma a kaina. Wani dattijo ya ce, "Alhaji, motar nan a kan sahu take. Ko a kanta za mu yi sujada?" Dole a tura ta jikin katanga, kuma ba za ta turu ba in ƙafar dama tana lilo. Na tuna dokar Baba a lokacin, kar ku ce mantawa na yi. Na ga in na ɗora notin a kujera, taya ba za ta bi sitiyari ba. Ɗaure shi da sufana da sa fin kuwa minti uku ne. Amma liman ya kusa hawa mumbari, hannuna baƙi ƙirin, ban yi wanka ba, mutane suna tsaye a kaina da tabarmi. Na murza notin da yatsa har ya tsaya, na jefa fin a aljihun rigar aiki, na ce ina dawowa shi zan fara taɓawa. Na mayar da taya, na sauke jak, muka tura. Na shiga gida na tuɓe rigar, na sa farar shadda.

Ana sallame sallah wani mai saye daga Ogbomosho ya kira, yana Ojoo yana jirana a kan wata bas. Na wuce da shaddata. Ciniki ya faɗa, na dawo bayan la'asar na tarar da mota tsaye a kan ƙafa huɗu kamar wadda aka gama da ita. Na zura wata tsohuwar riga da na gani a igiya, na ja igiyar daidaitawa daga tayar baya zuwa ta gaba, na ɗaure notocin kulle na jikin sanda. Na leƙa na ga noti a mazauninsa ta kowane gefe, na wuce, ban kai hannu ba. Na zagaya da ita har Mokola na dawo, sitiyari tsam. Na ba Isyaku makulli. Ya juya sitiyarin dama da hagu ya ce, "Kai! Alhaji, ashe hannun bai mutu ba."

Ranar Talata da hantsi aka kira ni. Kwana huɗu notin yana warwarewa a hankali, kowane rami da ɗan juyinsa, har ya faɗi a hanyar dawowa daga Shasha. Wuyan ya yi tsalle ya fita, tayar dama ta buɗe, motar ta bar titi ta faɗa lambatu da gefe. Matan biyu sun fita da ƙujewa. Isyaku ya karye a hannun dama, wuri biyu. Da na isa an riga an tafi da shi, albasa ta cika lambatu, mutane suna tsincewa, wasu don taimako wasu don miya. Na kwanta na leƙa. Kan tayirod yana reto. Tiredinsa lafiya lau, sai ƙyalli yake, ramin fin fayau. Ƙarfen da ya karye kamanninsa daban, wanda noti ya gudu ya bari kamanninsa daban, kuma a wurin nan ba wanda ya fi ni sanin bambancin. Na ɗaure shi da wayar ƙarfe kafin wani ya leƙa, na sa janwe ya ja motar ya kai ta ƙofar gidana, na lulluɓe ta da tamfol.

Bayan la'asar Gwaggo ta aiko. Na zauna a bakin ƙofar ɗakinta.

Ta ce, "Sule, ni ban ga hanya ba, ban ga mota ba. Kai ne idona. Me ya faru?"

Na ce, "Gwaggo, lodin ba kaɗan ba ne, hanyar kuma duk rami ce. In mutum ya shiga rami da gudu da irin wannan kaya, ƙafa takan saki."

"Gudu yake yi ke nan?"

"Ban ce ba. Ba na wurin."

Ta ce, "Jirgi dai bai daina tashi ba."

Kowace kalma da na faɗa gaskiya ce in an ɗauke ta ita kaɗai, kuma duk dillali ya san yadda ake jera irin waɗannan. Washegari ta aika gidan Isyaku ta ce ta ɗauki kuɗin ɗori, amma in ya warke ya nemi wani aikin.

Ranar Alhamis maiɗakina Rabi ta yi wanki. Ta zo ta ajiye mini fin a gefen kwanon abinci, sabo fil, ƙafafunsa a miƙe.

"A rigar aikinka na gani. Na motar Gwaggo ne?"

"Saura ne."

"Ikon Allah. Shekara ashirin ina zazzage maka aljihu, ban taɓa ganin ka ɗauko abu uku inda biyu za su isa ba." Ta ɗauki bokitinta. "Matar Isyaku ta zo ɗazu, wai ko zan riƙa ba ta sarin kunun aya tana kaiwa bakin makaranta. Na ce sai na tambaye ka."

Na ce ta ba ta. Na sa fin ɗin a aljihu na fita.

Alhamis ta zagayo, sai ga Isyaku a shago, hannu a ɗaure da karare, ya rataye shi a wuya da ɗankwalin matarsa. Na ba shi kujera ya ƙi, ya tsuguna.

"Alhaji, zuwa na yi ka yafe ni. Ka ɓata Juma'arka ka yi aiki mai kyau, na je na zubar maka da shi a lambatu."

Na ce ƙaddara ce.

"Wallahi ban san ina gudu ba. Na yi ta tunani, ina ganin kamar a giya uku nake. Amma tunda kai ka duba, ka fi ni sani. Wataƙila tsufa ne, mutum ba ya jin ƙafarsa a kan totur." Ya gyara hannun. "In da hali ka sa mini baki wurin Hajiya. Ko ba tuƙi ba, ko tsaron kaya ne."

Na ce zan duba. Na sa aka kawo masa lemo mai sanyi. Ya sha, ya yi godiya, ya yi mini doguwar addu'a, har da iyayena.

Washegari Baba Rasaki ya zo ƙofar gidana. Malam Tanko, mijin Gwaggo, shi ya kira shi ya kimanta gyara, ban sani ba. Ya tsufa, da sanda yake tafiya, amma ya sa aka yaye tamfol, ya durƙusa da ƙyar, ya warware wayata. Ya shafa tiredin da babban yatsa. Ya zagaya hagu ya taɓa fin ɗin can. Ya miƙe.

"Wa ya yi hagu?"

"Ni ne, Baba."

"Aiki mai kyau. Aikin gidana ne. Wa ya yi dama?"

Ya leƙa cikin motar ta taga, ya daɗe yana kallon kujerar direba, sannan ya dube ni.

"Sule, omo mi, ɗana, gobe da yamma za su tambaye ni. Ban iya ƙarya da Hausa ba, da Yarabanci ma ban iya ba. Kana da daga yanzu zuwa lokacin."

Saboda haka kar wani ya ce zuciyata ce ta kai ni. Isyaku ya tsuguna a gabana ya roƙe ni gafara, na ba shi lemo. Da Baba bai zo ba, ban san kwana nawa zan ƙara ba.

Asabar da safe na biya na ɗauki Isyaku muka je. Tsakar gidan cike da mata masu awon albasa. Gwaggo ta ce mu shiga daga ciki, na ce nan ma ya yi, a kira Malam Tanko. Ta bakin matan nan maganar gudun ta zaga Sabo, kuma ta bakinsu kaɗai za ta iya komawa. Na ajiye fin a kan tabarma. Na faɗi yadda aka yi, tun daga sahun Juma'a har waya da tamfol. Mudu ya daina ƙara a tsakar gidan.

Isyaku ne ya fara magana. "A giya uku nake ke nan?"

Na ce, "A giya uku kake."

Ya ce, "Alhamdu lillahi." Ya sa hannun hagu ya rufe fuskarsa.

Gwaggo ta ce, "Yaushe ka sani?"

"Tun ranar Talatar, a bakin lambatu."

Ta ƙirga da yatsu. "Kwana goma sha ɗaya. A nan ka zauna, na ce maka kai ne idona." Ta dubi fin ɗin, ba ta taɓa shi ba. "Noti kowa yana mantawa. Ni ma na sha barin tukunya ta ƙone. Amma ban taɓa cewa maƙwabciya ce ta iza wutar ba." Ta juya wajen Isyaku. "Malam Isyaku, na ci haƙƙinka. Ka yafe ni."

"Haba Hajiya, ai ba ke ba ce."

Ba wanda ya ce wane ne. Ta ce mini, "Alhaji, a gyara motar a kawo. A gareji." Tun ina cikin zanen goyo Sule take kirana. Daga ranar na koma Alhaji a bakinta, har yau.

Shekarar nan ban sayar da mota ko ɗaya a Sabo ba. 'Yan Bodija suna zuwa mu gaisa su wuce wurin wani. Wani dillali da muke takara ya riƙa ce wa masu saye, da ƙarfi don in ji, "Leƙa ƙasa da kyau, namu notin a ɗaure yake." Motoci uku da na ajiye suka yi ta shan rana da ruwa har na karyar da su ga wasu baƙi da ba su san ni ba. Shagon kayan gyara ne ya riƙe ni, don mai sayen ƙarfe ƙarfen yake dubawa, ba ruwansa da mai shago. Wajen shekara ta uku aka fara dawowa. Wasu ma saboda labarin suka dawo, wai mutumin da ya tona kansa a gaban mata ba zai ɓoye ciwon mota ba. Ban gyara musu zancen ba. Ban gaya musu Baba ne ya yanka mini wa'adi ba. Yau ne na fara faɗa.

In za ku yi aikin a gida, ku yi, ban hana ku ba. Amma kar ku fara ranar Juma'a, kar ku fara kuna jiran kiran wani, kar ku fara inda za a ce ku matsar da mota. In kun gama ku bi kowane noti da sufana, ba da ido ba, sannan ku kai ta wurin masu alaimen su daidaita tayoyin da na'ura, don igiya iyakarta ta kai ku can.

Ga yadda abin ya tsaya. Na yi asarar cinikin shekara biyu da motoci uku, na mayar da su, har na ƙara shago. Gwaggo ta yi asarar lodi ɗaya, motarta ta dawo, tana nan tana aiki a hannun wani direba. Baba ya rasu bai sake taka ƙofata ba, bai kuma taɓa gaya wa kowa abin da ya faɗa mini ranar ba. Hannun Isyaku ya ɗoru a karkace. Na kai shi asibiti aka sake dubawa, suka ce lokaci ya wuce. Ba ya iya juya sitiyari da kaya. Yana zaune a Bodija yana auna wa Gwaggo albasa da hannun hagu, ina aika masa abin da nake aikawa, yana karɓa yana godiya. Cikinmu duka ni ne na fita da riba. Shi abin da ya samu kawai shi ne an yarda a giya uku yake.